Goma Sha Ɗaya da Rabi

A makarantarmu ta kwana, can cikin tsaunukan Northumberland,
ba ƙararrawa ke tashe ni ba.
Kafin ta kaɗa na riga na zura takalmin roba,
na bi ta bayan kicin da bokiti biyu,
numfashina na tafe gabana kamar hayaƙi.

Tun daga kwanar coci suke jin sawuna.
Su ashirin da uku, kunnuwa zallo-zallo,
jela sama, hanci a jikin waya.
Ni da Crispin mu kwashe kashi, mu sauya ciyawa,
mu dama hatsi da tumbin saniya,
mu duba tafin kowane ko ƙaya ta shiga.
Sai mu isa aji muna wari,
'yan bencin gaba su toshe hanci. Oho musu.

Mista Hedley, wanda ya tsufa a ɗakin karnukan nan,
shi ya gyara mini lissafi ran farko:
"Ba a ƙirga karen farauta ɗai-ɗai, Imogen.
Bibbiyu ake yi."
Ashirin da uku, ke nan goma sha ɗaya da rabi.
Rabin kuwa Tansy ce,
mai furfura a baki, mai karyayyen haƙori,
wadda tun da abokin ɗaurinta ya mutu
ta ƙi a haɗa ta da kowa.

Ran Asabar muka fita cikin korayen kwat.
Bulala a hannuna, ta kaɗawa ce kawai,
ba ta taɓa sauka a bayan kowa ba.
Crispin ya busa ƙaho.
Suka bazu cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa suna shinshina,
shiru, shiru,
sai Tansy ta ɗaga murya,
saura suka amsa mata gaba ɗaya,
kwarin ya cika har tumaki suka daina kiwo.

Mun yi gudu. Na faɗa taɓo har gwiwa,
na tsallake katangar duwatsu uku, ta huɗu ta yage ni.
Zomon ya zaga da mu, ya koma kan sawunsa,
ya ratsa ta cikin garken tumaki, ya ɓatar da warinsa.
Ya san dajin ubansa. Ya tsira.
Ban gaya wa kowa na ji daɗi ba.

Gajimare ya sauko ya kwanta a kan tsauni.
A bakin mota na ƙirga: tara, goma, goma sha ɗaya.
Na sake ƙirgawa.
Goma sha ɗaya cif.
Ban taɓa tsanar cikakken lissafi ba sai ranar.

Crispin ya busa har leɓensa ya tsage.
Na kira ta har sunan ya daina kama da suna.
Da duhu ya rufa, Mista Hedley ya ce,
"Tuɓe kwat ɗinki. Shimfiɗa shi gindin katangar nan,
daidai inda muka sauke su da safe."
Na shiga mota da 'yar shara, haƙora na kaɗawa.

Daren nan na haddace tsagar silin ɗakin kwana.
Iska na dukan taga,
ni ina jin kowace ƙafa huɗu da ke waje.

Da asuba ya zo da tocila, bai ce komai ba.
Mil bakwai, babu mai magana.
Raɓa ta daskare a kan duwatsu,
ga kwat ɗina ya yi fari fat,
sai tsakiyarsa, wuri ɗaya, mai launin ƙasa-ƙasa,
yana hawa, yana sauka.

Ta buɗe ido ɗaya.
Ta buga jela sau biyu, ba ta ko tashi ba,
kamar mai cewa: kin makara.

Ran Litinin na ci sifiri a jarrabawar lissafi.
Malama Pringle ta rubuta da jan biro
wai ban san darajar rabi ba.